Kwalin Ashanar Alƙasum

Yayana Alƙasum ya shekara talatin yana ginar rijiya a Affala. Shekarar da fari ya sa muka koma cin anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, ya fara ganin jini a bayan gida. Kowa ya ce basir ne.

Likitan garin ya ce ba sai an zura masa komai ba, ya kawo ɗan bayan gidan a kwalin ashana a aika asibitin Tawa a gwada. Amma likitan mijin 'yarsa ne, kuma Alƙasum ko ruwa ba ya sha gaban suruki.

Bayan shekara biyu aka ce ciwon dajin hanji ne, ya ci ƙarfinsa. Wurin zaman makoki sai yabon kunyarsa ake ta yi. Ni na kwashe kayansa. Kwalin yana aljihu, ya cika shi da taba.