Kati Mai Fanka Uku

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce. Shagona na kan hanyar kasuwar Zuru, ɗaki ɗaya, benci ɗaya, kwamfuta ɗaya, sai ƙaramin janareto a bakin ƙofa. In na dawo daga biki nakan juye abin da na ɗauka cikin kwamfuta, in goge memorin kyamara nan take, domin memori biyu gare ni kuma kullum akwai wani bikin a gaba. Haka na yi shekara da shekaru ba abin da ya faru, har na ɗauka dabara ce.

Da na sayi sabuwar kyamara sai kwamfutar ta fara gazawa. Hoton ya yi mata nauyi, amarya ta ɗaga ƙafa za ta taka rawa sai ta tsaya cak a sama. Aka ce mini sai na sa katin hoto, wato allon da ake soka wa kwamfuta a ciki don ya ɗauke mata nauyin bidiyo.

Mai kawo mana kayan kwamfuta wani ɗan ƙabilar Ibo ne da ya fi shekara ashirin a garin. Ya ajiye mini kati biyu a kan tebur, duka na hannu. Ɗaya ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, ƙarfinsa gig huɗu, fanka ɗaya, kuma ba ya neman wata waya ta daban, wutar da kwamfuta ke ba shi ta ishe shi. Ɗayan kuwa ya kai tsawon damtsena, gig takwas, fanka uku, ga nauyi kamar bulo. Ina ganinsa raina ya biya.

Mako biyu na yi ina auna su. Na tsaga layi a tsakiyar takarda, ƙarami a hagu, babba a dama. Na ƙarar da data wajen kallon Turawa suna gwada su a ɗakunansu masu sanyi. Aikin da ƙaramin zai yi awa guda a kai, babban kafin ka ci tuwo ka wanke hannu ya gama. Matata ta ce ko lokacin da nake nemanta ban yi wannan dogon nazari ba. Akwai layi ɗaya a ƙasan takardar, na cin wuta, inda babban ya ninka ƙaramin kusan sau uku. Na gani da idona, na wuce. Turawan nan ba su tsaya a kansa ba, ni kuma ban tambayi kaina ko su ana ɗauke musu wuta ba.

Mai kayan ya gaya mini gaskiya. Ya ce, "Oga, wannan babba yana cin wuta kamar dutsen guga. Injinka ba zai ɗauka ba. Ɗauki ƙarami." Na zaci so yake ya rabu da wanda ya yi kwantai. Na ce masa shi sayarwa ya sani, aiki kuma ni na sani. Ni mutum ne mai saurin baki, kuma na sha ganin illarsa.

A tsakanin nan aka yi auren ɗan ƙanwar mahaifiyata a Dabai. Ya yi shekarunsa na golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, sannan ya shiga soja. Hutun kwana kaɗan aka ba shi ya zo ya yi aure. Tun safe nake ɗauka, daga coci har filin rawa. Rawarsa ba ta da kai ba ta da gindi, amma ya yi ta da zuciya ɗaya. Ya karɓi abin magana ya gode wa abokan golmonsa ɗaya bayan ɗaya da Lelanci, yarenmu, ya tsokani surukinsa cewa har yanzu bayansa na ciwo. Duk wanda ya ɗaga waya a gabana kuwa na kore shi. Na yi ta faɗa ina cewa su kauce, ga mai kyamara, kowa zai samu nasa mai kyau. Suka ji maganata, suka mayar da wayoyinsu aljihu.

Na dawo na juye, na goge memori, domin Asabar mai zuwa ina da aiki a Ribah. Na ƙi taɓa bidiyon nasa. Cewa na yi sai sabon kati ya hau, in yi masa aikin da ba a taɓa gani ba a Zuru.

Babban katin na saya. Da ƙyar ya shiga, sai da na bar murfin kwamfutar a buɗe. Akwatin wutarta ba shi da wayar da katin ke nema, na yi haɗe-haɗe na jona. Kwana uku ana da wutar gari, aiki na gudu, ina kiran maƙwabta su zo su gani. Rana ta huɗu da la'asar aka ɗauke wuta. Na tayar da janareto, na buɗe bikin Dabai, na danna. Fankokin nan uku suka tashi gaba ɗaya. Na ji muryar janareto ta yi ƙasa, ta sake yin sama, sai fat, ƙaurin roba ya cika shagon. Akwatin wuta ya ƙone, ya tafi da faifan ajiya da duk abin da ke cikinsa. Katin da ya jawo abin kuwa ko ƙwarzane bai yi ba.

Mai kayan bai ce ai na gaya maka ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Shi ya aika faifan har Legas wajen masu gyara. Bayan wata guda ya dawo a cikin ledar da ya tafi.

Duk lokacin da angon ya kira, sai in ce ana kan aiki. Niyyata in ya zo Kirsimeti in faɗa masa baki da baki, ya zage ni, mu yi dariya. Ana cikin yankan dawa labari ya zo cewa ya rasu a bakin aikinsa na soja. Can aka binne shi, ko gawarsa ba mu gani ba.

Bayan ta haihu matarsa ta zo shagona da jaririya a baya. Ta zauna a benci, ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida. Sannan ta ce, "Yaya, ba sai ka gyara shi ba. Yadda yake, ba ni hakanan. Muryatai nike son yarinyag ga ta ji in ta girma."

Na faɗa mata gaskiya. Na fara da gig da fanka da cin wuta, ina jin bakina na zuba surutun banza, ita kuma tana kallona. Da na gama ta tambaya ko wani ya ɗauka da waya. Ta san amsar, tana wurin lokacin da nake korar mutane. Mun bi gida gida daga baya, abin da muka samu hotuna ne 'yan kaɗan, da wani guntun bidiyo da aka ɗauka daga nesa, ganga ta rufe komai.

Yanzu ƙaramin katin nake aiki da shi. Yana da nawa, amma bai taɓa kashe mini janareto ba, kuma da shi na ɗauka tun farko da bikin Dabai na nan. Na sayi memori da yawa, ba na goge komai, sai dai wannan hankalin bai amfani kowa ba. Babban yana kan kanta, na kasa sayarwa, na kasa jefarwa. Ba na jin zan yafe wa kaina, kuma ban nemi kowa ya ce in yafe ba.

Yarinyar ta fara magana bana. Ran kasuwa uwar kan biyo da ita ta gaishe ni, ba ta taɓa sake tayar da zancen ba. Makon jiya yarinyar ta ga wani ango yana rawa a allon kwamfutata, ta matso ta sa yatsa a kansa, ta juya ta tambayi uwarta ko babanta ne. Uwar ta ce a'a, ta ɗauke ta suka tafi.