Hajiya Fatna Ɗantsoho, Mai Ɗinkin Kayan Bale a Alƙahira

Hajiya Fatna Ɗantsoho ta yi shekara hamsin da shida tana ɗinka wa masu rawar bale tufafi a Alƙahira, kuma siket ko ɗaya bai taɓa fita daga hannunta ba sai ya sha ruwan alif.

Haihuwa da karatu

An haife ta a shekarar 1944 a garin Maiwurno da ke ƙasar Sudan. Mahaifinta Malam Ɗantsoho, ɗan wani Bahaɗeje ne da ya kama hanyar Makka a ƙafa ya tsaya a bakin kogi ya yi gona. Mahaifiyarta Ummukulthum. Ta yi karatun allo har izu goma. Ba ta shiga boko ba.

Koyon sana'a

A shekarar 1958 gwaggonta ta kawo ta Alƙahira, ta sa ta aikin shara a gidan Sitti Klementina, wata tsohuwa 'yar asalin Italiya da ke ɗinka kayan bale, wato rawar da mata ke yi a kan yatsun ƙafa. Bayan shekara ɗaya tsohuwar ta karɓe tsintsiya ta ba ta allura.

A wurinta Fatna ta ɗauki sana'ar da tarihinta, kamar yadda ita ma Klementina ta ɗauka daga kakarta, wadda ta zo Masar a 1870. A farkon ƙarni na goma sha tara masu rawa suna sa doguwar riga irin ta matan gari. Daga wajen 1830 aka koma farin siket mai faɗi kamar ƙararrawa, wanda ke tsayawa a ƙwauri, an ninka shi da yadi shara-shara mai kama da gidan sauro. Kafin ƙarnin ya ƙare an gajarce shi ya zama kamar faifai. A lokacin fitilun gas ake jerawa a bakin dandamali, ƙasa da ƙafar mai rawa, kuma wannan yadi ba ya jiran wuta ta taɓa shi sau biyu. Ƙanwar kakar Klementina ta ƙone a gaban 'yan kallo tana da shekara goma sha tara.

Maganin abin shi ne alif, wanda muke tsarkake ruwan sha da shi. Ana jiƙa shi, a tsoma yadin, a shanya a inuwa kwana biyu. Yadin da ya sha shi yana jinkirin kamawa da wuta, amma yana yin tauri, farinsa ya dusashe. Shi ya sa masu rawa da yawa a wancan zamani suka ƙi shi.

Aure da zuriya

A shekarar 1965 ta auri Hamad, mai guga a unguwar Darrasa, shi ma Bahaushen Sudan. Suka haifi 'ya'ya biyar, biyu suka rasu suna ƙanana. Klementina ta mutu a 1969, ta bar mata almakashi da bahon tagulla na jiƙa alif. Da tsohon gidan opera, inda ake wasannin bale, ya ƙone a 1971 aiki ya yanke, sai ta shekara bakwai tana ɗinkin kayan amare, daga baya makarantun rawa suka nemo ta. Ta sauke farali a 1996.

An yi mata gori a kan sana'arta, daga ciki har da dangi. Ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba. 'Ya'yanta da allurar nan suka yi karatu.

Shekarun ƙarshe

Daga 2011 aiki ya ja baya saboda halin da gari ya shiga na juyin juya hali. A 2013, da aka yi ta muhawarar ko a hana bale, maƙwabta suka shawarce ta ta cire allon shagonta. Ta sa aka sake masa fenti.

A watan Nuwamba 2014 Ustaz Mazin, mai wata ƙaramar ƙungiyar rawa a unguwar Muhandisin, ya ba ta aikin siket goma sha biyu irin na 1840. Niyyarsa ya nuna rawar yadda aka yi ta a da, a tsakar wani tsohon gida, babu lantarki, sai kyandir ɗari biyu a ƙasa. Cikin 'yan matan goma sha biyu akwai jikarta Aya, 'yar ɗanta Hadi.

Da Ustaz Mazin ya ga siket na farko ya ce bai yi fari ba, kuma ba ya tashi da iska. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Hajja, wannan ai kamar buhun gari. Ki bar min sauran yadda suke."

Ta yanko ƙyalle biyu, mai alif da marar alif, ta kusanta su da ashana. Mai alif ya yi baƙi ya tsaya. Ɗayan bai kai ƙidaya uku ba ya zama toka. Ta ce, "Ga farin naka nan, Ustaz. Kwashe."

Ya ce 'yan matan sun sa hannu a takarda cewa sun amince su sa siket marar alif. Aya ce ta fara sa hannu. Hajiya Fatna ta ci gaba da ɗinki da jiƙo. A watan Fabrairu 2015 ciwon ƙirji ya kwantar da ita, lokacin ta riga ta gama ɗinka duka, amma biyar kawai suka sha alif.

Rasuwa

Allah ya karɓi ranta ranar Alhamis, 12 ga Maris 2015, da hantsi, tana da shekara saba'in da ɗaya. An yi mata salla bayan la'asar a masallacin unguwa, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan Darrasa. Ta bar mijinta Hamad, da 'ya'ya uku: Hadi, malamin makaranta a Madinat Nasr, Mahasin, tana aure a Omdurman, da Amna, wadda ta gaji shagon. Jikoki tara. Allah ya jiƙanta.

Washegarin sadakar uku, ana saura kwana ɗaya a yi wasan, Ustaz Mazin ya zo shagon da Aya. Ya yi ta'aziyya, sannan ya nemi kayan. Amna ta miƙa masa guda biyar. Ya nuna bakwai ɗin da ke rataye a igiya, ya ce in aka jiƙa su yau ba za su bushe ba, kuma ba zai ɗaga ranar ba. Aya ta riƙe hannun gwaggonta ta ce, "Gwaggo, ya isa haka mana. Nawa na cikinsu. Sau ɗaya ne kawai, kuma ni na yarda."

Amna ta zare hannunta, ta tsaya a gaban igiyar, ta ce, "Ba zan bayar ba."