Ta Uku a Aji Huɗu

Na daɗe ina riƙe da aji huɗu a wata firamare da ke tsakiyar gonaki, can gefen Danja. Kullum da safe in tayar da babur daga Funtua, in isa da taɓo har gwiwa idan damina ce, in ɗauki alli in shiga. Yaran sun fi ƙarfin bencina. Na gaba suna zaune a ƙasa har gindin allo, na baya kuwa sai dai in ga kawuna. Ban taɓa sanin sunayensu duka ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na yi ƙoƙarin sani ba.

Yadda muke karatu shi ne yadda aka koya mana. In rubuta layi uku a allo, in nuna da sanda in karanta, su maimaita. In sake, su sake. Kafin a kaɗa ƙarfen tara, ajin ya haddace, rufin kwano har amsawa yake. Hedimasta in ya wuce ta taga ya ji wannan ƙara sai ya gyaɗa kai, ya ce aji huɗu ana aiki. Ni ma haka na ɗauka, ko kuwa dai na daina tambayar kaina.

Akwai wata yarinya da ke zama daidai ƙafata, siririya, muryarta kamar ta mai tallar fura. Kafin sandata ta sauka kan kalma ta riga ta faɗe ta. Ubanta Bamaguje ne daga unguwar da ke bayan rafi, dattijo mai ƙarancin magana. Shi kaɗai ne a gidansu ya sa 'ya mace a boko, kuma na ji an ce 'yan'uwansa sun sha yi masa dariya a kan haka.

Da ƙarshen zango na biyu ya zo, hedimasta ya jibge mini katunan sakamako ranar Laraba, ya ce Juma'a za a raba. Jarrabawar da muka yi ma a allo na rubuta ta, rabin ajin ba takarda, sauran sun kwafi na juna. Wa zai zauna ya duba wannan tuli cikin kwana biyu? Haba. Na yi abin da na saba: na rufe ido ina tuno fuskoki da muryoyi. Wanda nake ji, in ba shi sama. Wanda ban tuna ba, in ajiye shi tsakiya. Yarinyar nan na ba ta ta uku, na rubuta a ƙasa da jan biro, “Tana karatu sosai.”

Damina ta sauka, aka yi shuka, masara ta kai gwiwa. Wata Talata ina tsakiyar darasi sai na ga dattijon tsaye a bakin ƙofa, riƙe da wata robar maganin feshi da babu komai ciki. Ranar 'yarsa ba ta zo ba, amma ban lura ba sai da na gan shi.

“Sannu da aiki, Malam,” ya ce. “In ba damuwa, ina son ka duba mini wani abu.”

Na bar wa monita sanda, muka koma gindin darbejiya. Ya miƙo mini robar.

“Karanta mini abin da aka rubuta nan.”

Na karanta, na fassara masa. Magani ne mai kashe duk wani ɗanyen tsiro. Ana fesa shi kafin shuka. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a fesa shi kan amfanin gona da ya riga ya fito.

Ya gyaɗa kai a hankali. Sai ya ba ni labari, muryarsa ba hawa ba sauka. Roba biyu ya sayo a kasuwar Danja tun farkon damina, ɗaya ta kafin shuka, ɗaya ta cikin masara. Mai shagon ya bambanta masa su, amma robobin kamar tagwaye suke, ya ajiye su a rumbu har ya manta wace ce wace. Gonar bai fesa mata komai kafin shuka ba, da shanu ya yi huɗa. Da ciyawa ta taso cikin masara, ya ɗauko su biyun, ya kira 'yarsa a gaban 'yan'uwansa, ya ce ga mai karatu a gida, me zai kai shi tambayar wani? Ta bi rubutun da yatsa, ta ce wannan ce. Ya cika famfon feshi ya fesa gonar kaf.

“Kwana shida yau,” ya ce. “Masarar ta yi ja, ta kwanta. Ko kara ɗaya ban tsira da shi ba.”

Na ce, “Subhanallahi. Sannu, Baba. Allah ya mayar da alheri.” Bakina ne ya faɗa, yadda yake faɗin layin allo.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wata leda, ya warware ta. Katin sakamako ne, a naɗe tsaf, ko ɗigon datti babu.

“To karanta mini wannan ma.”

Na karanta. Ta zo ta uku. Tana karatu sosai.

“Wa ya rubuta?”

“Ni ne, Baba.”

Ya daɗe yana kallon katin a hannuna.

“Na so in dake ta,” ya ce. “Na ce ta yi mini ƙarya a gaban mutane. Sai ta ce ita ba ta san ba ta iya ba. Ta ce in kana nunawa da sanda tana iyawa, da ta ga babu sanda sai kunya ta hana ta faɗi. Shi ya sa na ce bari in zo in ji ko takardar ce na fahimta ba daidai ba.” Ya karɓi robarsa. “Ashe daidai na fahimta.”

Bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce ya dawo da ita, zan zaunar da ita ita kaɗai in koya mata tun daga baƙi. Ya ce a'a, Malam, shekara huɗu ai ta isa gwaji, kuma yanzu da zai sake shuka wake a gonar yana bukatar hannu. Na miƙa masa katin, ya ce in riƙe, nawa ne.

Na koma aji. Na tsaya ina jiran in ji wani abu, kunya ko baƙin ciki, ban ji komai ba sai yunwa da ciwon ƙafa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna. Na goge allo, na rubuta sabon layi, na kira yaran gaba ɗaya bayan ɗaya, ba sanda, na ce kowa ya karanta shi kaɗai. Mutum biyu suka iya. Sauran suka tsaya suna kallon hannuna.

Mako guda na yi ina wannan sabon salo. In ina fama da yaro ɗaya, saura suna dambe a baya. Hedimasta ya leƙo ya ce me ya sami aji huɗu, kwana biyu ba ya jin karatu? Ranar Litinin na ɗauki sandata, rufin kwano ya ci gaba da amsawa, sai dai daidai ƙafata an yi shiru.

Ba ta dawo ba. Na taɓa hango ta daga kan babur, a sunkuye cikin wake, ban tsaya ba. Katinta yana cikin durowar teburina har yau, ƙarƙashin kwalin alli.

Da zango na uku ya ƙare, hedimasta ya kawo katuna ranar Laraba, ya ce Juma'a za a raba. Na zauna, na buɗe jan biro, na rufe ido. Matsayi na uku na ba wani yaro mai murya.