Yadda Muka Je Kusada Binciken Asali

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da Baffana, ƙanin mahaifinmu, ko karyawa ba mu tsaya yi ba. Ni ke tuƙa motar, shi kuma yana gefe yana tuƙa ni da baki. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Wani yaro ne ya fito neman auren ƴar yayana, ma'aikacin asibiti, mai hankali da ladabi, yarinyar kuma ta nuna shi take so. Da aka tambaye shi garinsu, ya ce wani ƙauye ne kusa da Kaikai a ƙasar Kusada. Mu kuma tushenmu Kankiya, ka ga maƙwabta ke nan. Sai yayana ya ce kafin ya ce e ko a'a, a je a bincika asalin yaron. Duk wanda ya san gidanmu ya san abin da muke nufi da hakan, wato a gano ko ɗa ne ko jinin bayi. In aka samu bauta a bayansa magana ta mutu, ko da yarinyar za ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi da aka zaɓe ni. Har sabuwar hula na kafa, ina ji da kaina kamar alƙali za shi zaman kotu.

Daga Dawanau zuwa Bichi manyan motocin hatsi suka hana mu sakat. Shingen jami'an tsaro kuwa, kana barin wannan kana hango wancan, kowanne da irin tasa gaisuwar. Furfurar Baffa ta yi mana rana, don da sun leƙo sun gan shi sai su ce mu wuce. A Tsanyawa muka tsaya muka sha koko da ƙosai. Ƙosan bana ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Baffa ya ɗaga guda ya tambayi mai tuyar ko jikan ƙosai ne wannan, ita kuma ta ce ya je kasuwa ya tambayi kuɗin wake da mai tukuna. Damina ta ja baya, gero ya yi kai, dama da hagu sai gonaki da mata masu gasa masara a bakin titi.

Baffa mutum ne da in ya fara tarihin gidanmu ba ya neman mai amsa masa. Ya sake ba ni labarin mahaifinsa, wato kakana Malam Usaini, wanda aka ce tagwaye aka haife su amma Hassan ɗin ya rasu tun yana jariri. Ya shafa tsagar da ke kuncinsa na hagu, gajerun layuka uku, irin wadda ni ma nake da ita, ya ce wannan askar ita ce shaidar ɗan asali, ƴaƴan yanzu ne da ba a yi musu suka zama ba a gane kowa. Na gyaɗa kai, don ni ma haka na taso ina ji. Muka wuce Gidan Mutum Ɗaya, inda mutane suka cika maƙil kamar ba su san sunan garin ba, muka shiga Kankiya da hantsi.

Na daɗe rabona da garin. An yi sababbin shaguna, masu cajin waya da masu cire kuɗi sun mamaye bakin hanya, amma da ka kutsa cikin tsohon gari sai ka ga lunguna suna nan yadda ka bar su. Gidan kakanninmu ya tsufa. Zauren yana tsaye da kaurin bangonsa, sai dai rabin ɗakunan ciki sun zube an shuka kuɓewa a wurin. Gwaggonmu, yayar Baffa, ita kaɗai ta rage a cikin manya. Ta sa aka damo mana fura da nono mai kauri, wadda in ka sha za ka gane ta Kano ruwa ce aka yi wa ado. Muna sha muna ba ta labarin abin da ya kawo mu. Da ta ji sunan ƙauyen sai ta ajiye ludayinta.

"Can za ku?" ta tambaya. "To ku tahi. Amma ku tahi da kunya."

Baffa ya ce mata tsufa ne ya fara taɓa ta. Ta dai bi mu da kallo har muka fita.

Daga Kankiya muka ɗauki hanyar Kusada. Kwalta ta raka mu iya inda za ta iya, daga nan sai burji, daga burji sai turbar da amalanken shanu ya fi mota daraja a kanta. Sau biyu muna kafewa a yashi, wasu manoma suka bar aikinsu suka tura mu, suka kuma ƙi karɓar ko sisi. Matan Fulani suna ta wuce mu da ƙoren nono a ka, a ƙafa, suna yi mana sannu cikin tausayi.

A bakin ƙauyen muka tsaya wurin mai shayi, don mai bincike ba ya faɗawa gidan mutane kai tsaye. Na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar damina da farashin taki, kafin na sako sunan mahaifin yaron. Mai shayin ya ce mutanen kirki ne, ba a taɓa jin su da kowa ba. Na matsa kusa, na rage murya, na ce, "To amma asalinsu fa?" Ya dube ni, ya dubi kuncina, ya ce ai wurin nan gandun wani babban gida ne na Kankiya a da can, duk wanda ke nan kakanninsa noma suke yi wa gidan. Ya faɗi sunan gidan. Namu ne.

Baffa ya taɓa ni da gwiwar hannu, wato aiki ya ƙare. Da mun juya daga nan da shi ke nan, auren ya mutu. Sai dai labarin baƙi ya riga ya shiga gari, aka aiko cewa kakan yaron yana jiranmu, kuma ba a ƙin amsa kiran dattijo.

Tsoho ne sosai, ya girmi Baffa nesa ba kusa ba, yana zaune a gindin dalbejiya yana tufkar igiya. Da ya gan mu ya yunƙura zai durƙusa. Wallahi na bar shi ya kai gwiwa ɗaya ƙasa kafin na tuna in kama shi, kuma wannan abin yana cina har yanzu. Aka shimfiɗa mana tabarma, shi ya koma kan buzunsa. A nan na lura da kuncinsa na hagu: gajerun layuka uku, sak irin namu. Na dubi Baffa. Ya sunkuyo ya raɗa mini cewa ai bayi kan ɗauki askar iyayengijinsu. Na yi murmushi, na ji na gamsu.

Ashe kunnen tsohon garau yake.

"Alhaji," ya ce, "askar ga ba taku muka ɗauka ba. Tamu ce kuka tahi da ita."

Ya ci gaba da tufkarsa yana magana, ba fushi, ba ɗaga murya. Ya ce lokacin da sojojin Nasara suka sauka Kankiya, gidanmu suka zaɓa saboda girmansa, suka ɗaure dabbobinsu a tsakar gida, suka mai da zauren wurin ajiye bindigogi. Kafin su iso, maigidan, wato kakan Baffa, ya kwashi matansa da manyan ƴaƴansa ya yi daji. Amaryarsa ta rasu wurin haihuwa, jaririn ko cibiyarsa ba ta faɗi ba, aka ga kukansa zai tona asirin masu gudu, sai aka bar shi. Bayi kuwa aka ce su zauna su tsare gida. Sojojin suka sa su daka da ɗebo ruwa, ba dare ba rana, wanda ya yi nawa ya sha bulala. Akwai abubuwan da aka yi wa matan da tsohon ya ce ba zai faɗa ba.

A cikin bayin akwai kakar tsohon, ita ma da ɗanyen goyo. Aka ji sojojin suna neman ɗan maigida su riƙe har uban ya fito. Sai ta ɗauki jaririn ta haɗa da nata, ta ce tagwaye ta haifa. Ranar suna ta sa aka raɗa wa nata Hassan, na maigida Usaini, wanzami kuma ya yi musu askar mutanenta, su biyun. Nono ɗaya suka sha har aka yaye su.

Baffa ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Amma Hassan ai ya rasu yana jariri."

"Hassan ubana ne," in ji tsohon. "Ni na sa shi a kabari, da furfuratai."

Ya ce da ƙura ta lafa maigida ya dawo, ya karɓi ɗansa, ya ga suna ya riga ya bi shi, aska kuma ba ta gogewa. Sai aka ce wa mutane ɗaya ɗan tagwayen ya mutu, ita kuma aka turo ta gandu da ɗanta don kada a riƙa ganinsu tare. Ba a ƴanta ta ba, ba a ba ta ko zane ba. Malam Usaini da ya girma ya gano, ya riƙa zuwa duk sallah da gishiri da goro, yana kiranta Inna, amma bai taɓa iya faɗa a gidansu ba. Baffa ya ce ya tuna yana yaro mahaifinsa kan ɗaura buhun gishiri a keke ya yi kwana biyu ba a gan shi ba, su sun ɗauka sadaka yake kaiwa ƙauye.

Na rasa inda zan sa idona. Kunya iri-iri na sha a rayuwa, amma ban taɓa jin irin wannan ba, wadda take sa ka ji hular kanka ta yi maka nauyi. Na tuna yadda na rage murya a wurin mai shayi, kamar mai tambayar ko suna da kuturta.

Aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu, tsohon ya rantse sai mun ci. Muna ci ya ƙara da abin da ya gama kashe ni. Ya ce da jikansa ya kawo maganar yarinyar, su ma sun yi nasu binciken, suka gane gidan. Ƴaƴansa suka ce ba za a kai ɗansu gidan da ke gudu ya bar jariri ba.

"Ni na hana su," ya ce. "Na ce ɗiyar Usaini ce, ba a kama jika da laihin kaka. In kun ba mu, mun gode. In kun hana, ba yau kuka hwara ba."

Da za mu tafi ya sa aka zuba mana ɗanyar gyaɗa a buhu. Baffa ya tsaya a gabansa kamar zai yi magana, sai kawai ya durƙusa ya kama hannun tsohon da hannu biyu. Ni ban taɓa ganin gwiwar Baffa a ƙasa ba in ba a sallah ba.

Muka kama hanyar dawowa. Mutumin da da safe ba ya barin rami ya wuce bai yi mini faɗa a kansa ba, yanzu ko na faɗa rami ba ya ɗagowa. Ba mu koma ta wurin Gwaggo ba, kuma na san dalili, ba mu da idon haɗawa da nata. Muka yi la'asar a Gidan Mutum Ɗaya, masu tallar albasa suka kewaye Baffa, bai taya ko ɗaya ba. Ni kuwa ina ta saƙa da warwara. Na san in Baffa ya buɗe baki ya ce bayin gidanmu ne ya yi shiru, bai yi ƙarya ba, kuma yayana ba zai ƙara tambaya ba. Ina tambayar kaina ko ina da ƙarfin halin ƙaryata baffana a gaban mutane, kuma gaskiya ban tabbata ina da shi ba.

Mun iso Kano ana kiran magariba. Bayan sallah yayana ya zaunar da mu a falonsa ya ce, "To Baffa, me kuka samo?"

Baffa ya ce, "Ka ba su. Gidan Hassan ne."

"Wane Hassan?"

"Wan mahaifina."

Daga nan ya kasa ci gaba, ni na ƙarasa labarin, ban rage komai ba, har da tambayar da na yi wa mai shayi. Yayana ya shafa kuncinsa, sannan ya ce a sanar da su su turo manyansu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗin faɗa ba ne. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Mun yi shekara da shekaru muna auna ƴaƴan mutane da wani abu da muke kira asali, ba mu taɓa tambayar wa ya bautar da wa ba, wa ya gudu, wa ya tsaya. Wadda aka saya da kuɗi ita ta tsaya a gaban bindiga ta ce ɗan wani nata ne, mu jikokin wanda ya tsere kuma mu ne muka sa sabuwar hula muka je duba ko jikokinta sun isa su aure mu. In da abin kunya a bauta, a gidanmu yake, ba a nasu ba.

Da na fito zan shiga mota na tarar da yarinyar a bakin ƙofa, ta yi kamar shara take yi. Ta gaishe ni, ta yi mini ya hanya, sannan ta tambaya a hankali, ba ta ɗago ba.

"Baba, an yarda da su?"

Na ce, "Su ne suka yarda da mu, ƴata."