Agogon Yaya Sani ya yi magana

Jama'a, agogon hannun marigayi Yaya Sani ya yi magana yau!

Tun da aka sabunta manhajarsa gilashin ya daina jin yatsa, batir ba ya wuni. Na kai wa Bello mai gyara a shagonsa.

Ya ce, "Hajiya, sai dai a goge komai na ciki."

Na ce to. Yana jona caji, sai ga muryar Yaya: "Sani, kira Inna, lokacin maganinta ya yi."

Innalillahi! Ashe haka yake tuna wa kansa kullum.

Bello ya janye hannu. "In goge?"

Na ce, "Bari."

Agogon bai gyaru ba. Inna ma ban kira ta ba tukuna.