Inda Aka Kira Sunan Sani

Muna fitowa daga maƙabartar Al-Oud jiya, a nan ƙasar da muka zo ci-rani, aka miƙo mini wayar Sani direba, abokin ɗakina da muka binne.

Ba komai cikinta sai wasannin makaɗan garinsu da aka ɗauka a dandali, har da guɗa da hayaniya. Waƙa ɗaya sai ta ci awa guda.

Na taɓa ce masa, "Wai kai ba ka gajiya? Kullum abu ɗaya!"

Ya ce, "Ba sa maimaitawa. Saurara, nan mawaƙin ya hango ni, ya kira sunana."

A ƙasar nan ba a rubuta suna a kabari. Tun safe nake ta mayar da waƙar wurin da aka kira sunansa.

Ku sa shi a addu'a, don Allah.