Ranar da Batir Ya Mutu a Bakin Kanal

Ina aji biyu na sakandare a ranin da babanmu ya zuba duk ƙarfinsa a tumatir. Idan za a kai kaya kasuwar bakin titin Zariya, nakan sa kayan makaranta in bi su gona, su sauke ni a Kura, inda makarantarmu take. Ran nan tun da asuba aka tsinke, aka jera kwanduna a bayan akori-kurarmu, aka rufe kowanne da busasshiyar ciyawa. Tirelolin da ke kai tumatir kudu kafin azahar suke tashi. Wanda ya rasa su sai ya kwana da kayansa, tumatir kuwa ba ya kwana.

Baba ya shiga, ya murɗa makulli. Motar ta yi ƙas-ƙas kamar an taka busasshen kara, ta yi shiru. Ya sake, ko ƙas ɗin babu.

Baffa, ƙanen Baba, ya ɗaga bonet yana kauce wa idon Baba. Shi ne ya jona batirin da injin feshi jiya don injin ya yi caji, ya shanye wutar, kowa ya sani, ba wanda ya faɗa. Da ma turawa muke yi ta tashi, amma yau da kaya a kanta, ga hanyar ta jiƙe da ruwan da ya tsallako daga kanal. Suka gwada, tayoyin suka ƙara nutsewa.

Na tsaya a gefe ina sauya ƙafa. Rana ta fara taɓa kwandunan sama. Ƙudaje suka zo. Baba yana zuwa ƙarshen gona ya dawo, ya ciro waya ya mayar, ya ɗaga ciyawa ya latsa tumatir ɗaya da babban yatsa. Ni kuma ina ta kallon wani ɗigo ja da ke taruwa a gindin kwandon ƙasa.

Sai ga mota daga gabas, kuma tun daga nesa na gane ta. Ta Alhaji ce, mai gonar shinkafar da ke sama da tamu. Tun farkon rani ya toshe mana ruwa da buhunan ƙasa a ranar da rabonmu ne, Baba ya je ya ciccire, daga nan ko a masallaci ba sa gaisawa. Hanyar bakin kanal kuwa mota ɗaya take ɗauka. Dama ruwa, hagu gona. Ya zo gab da hancin tamu ya tsaya, ya danna ham.

"Ce wa yayanka ya kawar da gwangwaninsa," in ji shi ga Baffa.

"Ce masa ya bi ta kanal," in ji Baba, "ai ruwan nasa ne."

Baffa ya sosa ƙeya. "Alhaji, batir ne. Ko ka ba mu wuta, ko mu wuni a nan gaba ɗaya, ni ba inda za ni."

Alhaji ya leƙa bayansa. Komawa da baya a wannan siririyar hanya ba abin wasa ba ne. Ya fito yana tattare babbar riga, ya buɗe bonet ɗinsa.

Babu mai wayar jona batir ta gaske, mai baki kamar na kada. Baffa ya kwanto wayoyi biyu daga ɗakin injin ban-ruwa, duka baƙaƙe, ya fere bakinsu da wuƙa. Don kada a rikice, ya ƙulla ɗaya a kowane ƙarshe, ya ce mai ƙulli ita ce ta kan da ke da alamar tarawa. Kan batirinmu ya yi fari da wani gari kamar kanwa, Baba ya kankare shi da ƙusa. Wayoyin gajeru ne, sai da Alhaji ya matso har tsakanin motocin bai fi tafin hannu ba, Baffa yana ta cewa kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Tunda ba abin matsewa, dole a riƙe da hannu. Alhaji ya danna nasa biyun a kan batirinsa, Baba ya tsaya a kan namu, kafaɗunsu suna kusan gogar juna. Baffa ya shige mota, ya rufe ƙofa, ba sauran mai kai saƙo.

Baba ya ɗora waya, wuta ta yi tartsatsi, ya janye hannu da sauri. Na ji ƙaurin roba. Suka tsaya, kowa yana kallon nasa batirin. Na ƙirga ƙudaje, na rasa lissafi.

"Malam," in ji Alhaji a ƙarshe, "mai ƙullin a ina ka sa?"

"A nan."

"Juya. Za ka ƙona mini mota a banza."

"Da an huta da ham ɗinka."

Baba ya juya wayoyin. Aka bar injin Alhaji yana aiki na ɗan lokaci, jijiyoyin hannun Baba sun fito, gumi yana bin gemunsa. Baffa ya murɗa. Motar ta yi tari, ta yi nishi, ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe, Baffa yana taka totur kamar zai fasa ta.

Alhaji ne ya yi baya, a hankali, har mararraba, Baba yana tafe a ƙasa yana nuna masa da hannu. Ban ji sun yi sallama ba.

Ba a tsaya a Kura ba. Baba ya ce in ta mutu a hanya ba mai tashinta, na ga katangar makaranta ta wuce. A kasuwa tirela ɗaya ta rage, ana jan tamfol. Baba ya dire yana kiran dillali, Baffa ya zaunar da ni a kujerar direba, ya ɗora ƙafata a kan totur.

"Kada ki ɗaga, ko me za ki gani."

Ta madubi na ga kwandunanmu suna hawa ɗaya bayan ɗaya a kan mutane. Biyu na ƙasa dillalin ya tura gefe da ƙafa, sun yi ruwa. Sauran duka suka shiga. Sitiyarin yana rawa, ban ɗaga ƙafata ba sai da aka ɗaure igiya.